Ward, May da mai riƙe da ƙofar ruwa a Kura

Duk wanda ya kalli Agents of S.H.I.E.L.D., shirin da tashar ABC ta Amurka ta nuna daga 2013 zuwa 2020, zai tuna ƙarshen zango na farko. S.H.I.E.L.D., hukumar leƙen asirin da aka kafa don kare duniya, ta wayi gari ta tarar abokiyar gabarta, Hydra, ta shekara da shekaru tana kwance a cikinta. A ƙaramar tawagar wani jami'inta mai suna Coulson, mutum biyu ne ke da wani ubangidan a ɓoye. Melinda May tana da layin waya na sirri da take kai wa shugaban hukumar, Nick Fury, rahoto a kan Coulson ɗin kansa. Grant Ward kuwa yaron John Garrett ne, mutumin da ya fito da shi daga gidan kangararrun yara, ya horar da shi, ya shigar da shi Hydra. Da asiri ya fara tonuwa, May aka fara tuhuma aka tsare, Ward kuma aka yarda masa ya raka Garrett bayan an kama shi, a hanya ya harbe babbar jami'ar hukumar, Victoria Hand. Mafi yawan masu kallo sun tsaya a kan tsinuwar Ward. Ni a ganina abin dubawa ya wuce nan: ba a taɓa samun mutum mai ubangida ɗaya tak ba, don haka duk tsarin da ya ɗora hakkin jama'a a kan zuciyar mutum ɗaya, a inda ba wanda ke gani, shi ne ya fara yin kuskure.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga wannan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwanta ne ke bi ta babban kanal yana rarrabuwa zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa, tumatir, alkama, albasa, duk rayuwarsu tana ga ƙofofin ƙarfe da ake buɗewa a rufe. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ƙara wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ƙarfi, aka ɗora musu kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa. To, wane ne shugaban irin wannan ƙungiya? Manomi ne mai tasa gonar a wani wuri a jikin kanal ɗin. Yana da suruki, yana da ƙane, yana da Alhajin da ya ba shi bashin taki a bara. A lokacin zafi, idan ruwa ya ja baya, na wutsiyar kanal zai zo da sassafe ya tarar ƙasar irinsa ta tsattsage, ya bi magudana sama ya iske an jera buhunan ƙasa an tare ruwa cikin dare. Shugaba ya san wanda ya jera su, kuma wataƙila a gidansa ya ci tuwo jiya. Haka dillalin tumatir yake a kasuwar Kwanar Gafan, manomi ɗan garinsu ne, mai saye daga Legas kuma shi ke kawo ciniki kowace shekara.

Za a ce maganin wannan shi ne a zaɓi mai tsoron Allah a huta. Ban raina wannan magana ba, kuma ba tsarin da zai tsaya ba tare da mutanen kirki ba. Amma a shirin an zaunar da Ward a na'urar gano maƙaryaci, ya tsallake, sannan ya kashe Eric Koenig da ya gwada shi. Zuciya ba ta gwaduwa daga waje. Abin da ya fi tayar da hankali ma, Ward bai ɗauki kansa maci amana ba, yana ganin halacci yake yi wa wanda ya cece shi. Mu ma mun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da ya kau da kai daga buhunan Alhajinsa sau da yawa ba mugu ba ne, halacci ne ya ja shi, kuma al'adarmu ta girmama halacci. Saboda haka wa'azi kaɗai ba ya isa, domin mutumin yana tsakanin kyawawan halaye biyu ne da suka ja shi gabas da yamma.

Wasu kuma za su ce rubuta komai da liƙa shi a bango alamar rashin yarda ce, tana ɓata zumunci. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma da muminai take magana. Rubutu yana kare mai gaskiya kafin ya kama maƙaryaci. Idan kowa ya san ranar ruwan kowane ɓangare, shugaba yana da abin da zai faɗa wa surukinsa ba tare da sun ɓata ba: ba ni na hana ka ba, ranar ba taku ba ce. In babu wannan, kowace buɗe ƙofa alfarma ce, kowace rufewa kuma gaba ce. Ko May, wadda niyyarta kare Coulson ce, ɓoyewarta ta jawo tawagar ta ƙare zarginta a kanta a daidai ranar da ya kamata idonsu ya kasance a kan Ward. Shugaban da ke yin adalci a ɓoye yana shan zargi iri ɗaya da mai zalunci, kuma manoma ba su da hanyar bambance su.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne jadawali ba ya haifar da ruwa. Ciyawar kachalla tana toshe magudanai, laka tana cike su, gini yana fashewa, kuma akwai gyaran da ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma, sai hukuma. Gaskiya ne. Sai dai ranar ƙaranci ce ake bukatar tsari, don in ruwa ya wadata ba wanda ke tambayar wa ya buɗe. Kuma manomin wutsiya da ke zargin ana cin rabonsa ba zai biya kuɗin ruwa ba, ba zai fito aikin gayyar yashe kanal ba, toshewar ta ƙaru, ƙarancin ya tsananta a kan kowa har da na sama.

Abin da kowace ƙungiya za ta iya yi tun kafin a zuba iri ba shi da tsada. A karanta jadawalin ruwa a taro, a liƙa shi a bakin ƙofa da ƙofar masallaci. A bayyana wanda ya biya da inda kuɗin ya tafi. A faɗi a fili inda gonar shugaba da ta 'yan kwamitinsa suke a jikin kanal, kuma a ware wa manoman wutsiya kujera a kwamitin, tare da hannu a riƙon makullin ƙofa.