Takalmin aro

A wani ƙauye na ƙasar Madarunfa, kusa da gulbi, akwai wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya 4. Babbansu yaro ne mai shekara 12, yana aji na 6 a lakwal. Tun da aka haife shi bai taɓa sa takalmi mai igiya ba. Silifa ya sani, ita ma in ta tsinke sai a ɗaure da waya.

A shekara ta 2015, Maradi ce ta karɓi babban bikin 18 ga Disamba, ranar da Nijar ta zama jamhuriya a 1958. An sa ma bikin suna Maradi Kwalliya. Lakwal ta ƙauyen ita ma ta shirya nata ɗan difile a ƙofar gidan mai gari. Mushe ya zaɓi yaron ya riƙe tuta a gaba, don ya fi kowa ƙoƙari cikin aji. Amma da sharaɗi: farar riga da farin takalmin tanis, wanda mutanen Najeriya ke ce ma kambas.

Riga dai akwai ta sallar bara. Takalmi ne babu. Uwar ta yi tunani, ta tuna maƙwabciyarta na da shi sabo ƙal. Mijin maƙwabciyar ne ya aiko ma ɗansu daga wurin ci-rani, an ajiye cikin akwati ana jiran salla. Ran Litinin da safe ta sa mayafi ta shiga gidan. Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta. Maƙwabciyar ta yi shiru, sannan ta buɗe akwati.

Ta ce: « Jika 4 aka saye shi. Yadda na ba ki, haka za ki maido mini. »

Uwar ta ce: « In Allah ya yarda, Yaya. »

Yadda abin ya ɓaci

Da marece uwa na suya, yaro ya ɗauko takalmi ya sa, wai ya koyi tafiya da shi. Ya zo ya tsaya kusa da kasko don ta gani, ɗigon mai ya faɗa bisa hancin ƙafar dama. Babu wanda ya lura. Daga nan ya sulale waje. Abokai suka kewaye shi, wani ya jefo ƙwallo. Ƙwallo ta gangara bakin rijiya, yaro ya bi ta, ya zurma cikin taɓo har idon sawu. Kafin ya kai gida, jar ƙurar hanya ta manne bisa taɓon.

Tsoro ya kama shi. Bai gaya ma kowa ba. Da dare ya ɗebi omo cike da hannu, ya zuba cikin ɗan ruwa, ya dinga dirza taɓon yana ɗanye. Ruwan gida kaɗan ne, saboda haka sau ɗaya ya ɗauraye. Da asuba ya jefa takalmin bisa rufin ɗaki, rana ta doke shi tun safe har la'asar.

Da ya sauko da shi ran Talata, sai gabanshi ya faɗi. Takalmi ya bushe ƙandas, ya yi zane-zane ruwan ɗorawa kamar an tofa mishi goro. Jan tabo na nan, tabon mai na nan.

A nan uwar ta iske shi. Ta juya takalmin ta sake juyawa. Ba ta doke shi ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Lissafi take yi: jika 4, dala 800 ke nan, ribar suyar kusan wata guda. Kuma ba kuɗin ne suka fi damunta ba. Shekara 15 suna zaune katanga ɗaya da maƙwabciyar, gishiri da garwashi na ƙetarawa tsakaninsu. Da wane ido za ta dube ta?

Yaro ya ce: « Inna, akwai sauran jabel a ɗaki. In zuba mishi? »

Ta ce: « Ka yi ɓarnar farko kai kaɗai. Ta biyu ba za ka yi ba. Tashi mu je wurin Baba. »

Aikin tsohon soja

Baba ƙanen kakan yaron ne, tsohon soja. Ya yi zaman bariki a Damagaram, inda kowane mako sai an duba farin takalmin wasa, wanda nashi ya yi dauɗa ya sha horo. Ya karɓi takalmin, ya kai shi hanci, ya shafa da yatsa, ya yi dariya.

Ya ce: « Kai, abokina, wanga ba wanki ba ne, rini ne. Amma bai mutu ba. Gobe in an tashi lakwal ku zo mini da ruwa kwano 4, da guntun sabuni, da lemun tsami 2, da farin tsumma. Jabel kuwa ku bar ta inda take. »

Ran Laraba da la'asar suka zo. Baba ya shimfiɗa buzu cikin zaure, ya ce ma yaro hannunshi ne zai yi aikin, shi baki kawai zai sa.

Ya fara da kuskuren farko. Taɓo ba a taɓa shi yana ɗanye. Saman takalmin tanis saƙar zaren auduga ne, in an dirza ɗanyen taɓo sai a tura shi cikin saƙar. Bari ake ya bushe, a buga ƙafa biyu da juna, a kakkaɓe da busasshen buros. Rabin dauɗa a nan take fita, ba a ɓata ruwa ko ɗigo ba. Tabon mai kuma, da an barbaɗa mishi garin alli tun yana sabo, da allin ya tsotse mafi yawanshi.

Sannan aka cire igiya, aka jiƙa ta daban cikin ɗan gwangwani. Aka fitar da shimfiɗar ciki. Baba ya sa aka ɗumama kwano ɗaya na ruwa, ya tsoma yatsa. Ya ce ruwa mai ɗumi ake so, ba tafasasshe ba, don da gam aka manne robar ƙasa da yadin sama, zafi kuwa na sakin gam. Saboda wanga dalili ne ba a kwana da takalmi cikin ruwa, ba a kuma shanya shi bakin murhu.

Babu buros a gidan. Baba ya ɗauko sabon asawaki, ya daddaka kanshi da dutse har ya yi gashi, ya miƙa ma yaro. Ya ce a goga shi ga sabuni kaɗan, a bi takalmin a hankali, daga sama zuwa ƙasa, a shiga duk inda ɗinki yake. Wurin tabon mai aka sa sabuni kai tsaye da ɗan ƙwayar kanwa, aka bar shi kamar tsawon shan shayi, sannan aka goge. Robar gefe ita ba ta jin tsoron dirza, aka dirje ta da ƙarfi.

Da kumfa ya ƙare, yaro ya miƙe, wai an gama. Baba ya ce: « Zauna. Yanzu aka fara. »

Ya bayyana musu abin da ya jawo ruwan ɗorawa. Omo ne da bai fita ba. In takalmi na bushewa, ruwan da ke ciki na hawowa sama yana ɗauke da sauran sabuni da dauɗa. Ruwa ya tafi, su su tsaya bisa yadi, rana ta gasa su. Don haka ɗauraya ta fi wanki. Aka ɗauraye da kwano na biyu, ana matsawa da tafin hannu ba a murɗawa. Cikin kwano na uku aka matse lemun tsami, aka bar takalmin ya ɗan jima. Tsami na kashe kaifin sabuni da kanwa, yana kuma sassauta jan tabo, don jan da ke cikin jar ƙasa tsatsar ƙarfe ce. Kwano na huɗu ruwa ne zalla. Baba ya sa yaro ya shafa yadin, ya ce in ya ji santsi to da saura.

Uwar ta ce: « Baba, ita jabel fa? Ba ita ke farar da kaya ba? »

Ya ce: « Tana farar da wasu, tana kashe wasu. Ba ta fitar da tsatsa, sai ma ta ƙara zaunar da ita. In ta yi yawa tana cin zare, tana sa farar roba ta koma ruwan ɗorawa, kuma wanga ba ya wankuwa. Abin da ya fi duka: kada a taɓa gama jabel da lemun tsami ko wani abu mai tsami. Iska mai guba ke tashi, tana ƙona ido da ƙirji. Ki gaya ma matan unguwa. »

Saura shanya. Aka cusa farin tsumma cikin takalmin don ya tsotse ruwa, kada kuma hancin ya lotse. Baba ya hana a sa jarida, ya ce tawadarta na zuba. Aka lulluɓe saman da wani siririn farin ƙyalle, aka manna shi da kyau yana jiƙe. In da sauran dauɗa za ta hawo, bisa ƙyallen za ta tsaya, ga shi kuma yana tare ƙurar hunturu. Aka jingina takalmin ga bangon zaure, inda iska ke ratsawa rana ba ta shiga. Ruwan wankin bai tafi banza ba, uwar ta yayyafa shi a tsakar gida ya kwantar da ƙura.

Abin da alli ba ya rufewa

Ran Alhamis da marece aka yaye ƙyalle. Zanen ruwan ɗorawa ya koma bisa ƙyallen, takalmi ya fito fari. Sai dai bisa hancin ƙafar dama akwai sauran inuwar tabon mai, kamar ƙwayar wake. Baba ya daka alli, ya dama da ɗan ruwa tsararo, aka shafa da tsumma. Da ya bushe aka kakkaɓe. Tabo ya ɓace.

Yaro ya yi tsalle. Ya ce: « Inna, shi ke nan! In mun maida haka ba za ta gane ba. »

Baba ya dubi uwar bai ce komi ba. Uwar ta ce: « Alli na difile ne. Wanki ɗaya zai tafi, tabo ya dawo. Ran nan me za mu ce mata? »

Ran Juma'a, 18 ga wata, yaro ya riƙe tuta a gaba. Ganga na tashi, mata na guɗa. Uwar na tsaye can baya da tiren ƙuli-ƙuli bisa kai. Kowa na kallon tuta, ita tana kallon ƙafa. Ana watsewa ta sa ya cire takalmin, ya koma gida da silifa.

Ran Asabar da safe ta sa ya goge allin da ke bisa tabon da jiƙaƙƙen tsumma. Ta riƙo hannunshi suka shiga gidan maƙwabciya. Yaro ya durƙusa, ya faɗi komi da bakinshi, tun daga kasko har rufin ɗaki. Uwar ta nuna tabon da yatsa, ta ce: « Ga abin da ya rage, Yaya. In biya ne, ki yi mini haƙuri in dinga kawo dala 100 kowace kasuwa. »

Maƙwabciyar ta karɓi takalmin ta duba ciki da waje. Ta ce: « Ran Litinin ina bakin rijiya sa'ad da ya zurma. Na gani da idona. Kwana 5 ina jira in ga ta wace ƙofa za ku shigo. Riƙe kuɗinki. Amma ran da ɗana ya ɓata shi, wanga yaron zai wanke. »

Haka kuwa aka yi. Bayan salla ɗan maƙwabciya ya kawo takalmin ya yi baƙi ƙirin. Yaro ya nemi asawaki da ruwa kwano 4, ya zauna cikin zaure. Baba na gefe yana jan carbi, bai gyara mishi ko abu ɗaya ba.

Guntun sabuni, lemun tsami 2 da guntun alli, duka ba su kai dala 40 ba. Da su aka ceci takalmin jika 4. Zumuncin shekara 15 kuwa ba sabuni ya cece shi ba. Mai karatu, in ka ari kayan mutum, ka kula da shi fiye da naka. In ya ɓaci, ka gyara iyakar iyawarka. Abin da ya ƙi gyaruwa, ka nuna shi da yatsa. Allah shi sa a gane.