Nasarar Da Ba Ta Da Shaida

Ni ɗan ƙabilar Mumuye ne, a Jalingo na tashi. Hausa kuwa a kasuwa da bakin abokai na tsince ta, kafin na zo jami'a na ɗauke ta a matsayin fannin karatuna. Cikin kalmomin da na daɗe ban san nauyinsu ba akwai 'yar ƙaramar kalmar nan "wai". Abin mamaki, wasan kwamfuta ne ya fahimtar da ni ita.

A wani dogon hutu yayana ya bar mini kwamfutarsa a gidanmu da ke Sabon Gari. A cikinta akwai wasan tuƙin jirgin sama mai suna Wings Over Flanders Fields, wanda ya fito a shekarar 2013. Wasan yana mayar da mutum matuƙin jirgin yaƙi a sararin samaniyar Faransa da Beljiyam, zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato 1914 zuwa 1918. Abokan gaba a ciki ba su zama ɗaya ba. Akwai sabon shiga, akwai gwani, akwai kuma wanda da zarar ya ji wuta zai juya ya nufi gida. Idan matuƙinka ya mutu, shi ke nan, sai ka sake sabo.

To amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, harbo jirgi bai isa a ce ka yi nasara ba. Bayan ka sauka lafiya sai ka cika takarda: wane irin jirgi ne ka harbo, wa ya gani daga cikin abokan tafiyarka, kuma yaya abin ya kasance. Daga nan sai jira, ko a tabbatar ko a yi watsi da ita.

Wata rana da daddare na bi wani jirgin Jamus ni kaɗai, na yi ta sakar masa wuta har ya yi hayaƙi ya nutse cikin gajimare. Washegari na cika majalisarmu da kirari. Da sakamako ya fito, an ƙi amincewa. Wani abokina ya tuntsire da dariya ya ce, "Ka ga, malam, wai ka harbo shi ke nan."

Da na bincika sai na tarar haka abin yake a tarihi. Bajamushen nan Manfred von Richthofen an tabbatar masa da nasarori 80, mafi yawa a wannan yaƙi. Bafaranshe René Fonck ya yi iƙirarin sama da 100, amma 75 aka rubuta masa. Shi kansa Richthofen da aka kashe ran 21 ga Afrilu, 1918, rundunar saman Ingila ta ce matuƙi Roy Brown ɗan Kanada ne ya harbo shi, alhali masana da dama suna ganin harsashin daga ƙasa ya fito, daga bindigar wani sojan Ostireliya.

Ga inda abin ya shafe mu, 'yan'uwana ɗalibai. Da muka dawo hutu na shiga tattara karin magana domin kundin bincikena. Akwai guda uku da na ji a mota, ban san sunan mai faɗa ba, ban kuma rubuta rana ba. Kasancewar Hausa ba harshen uwata ba ce, na ji tsoron a ce ni na ƙaga su. Har zuciya ta raya mini in ƙirƙiro sunan wani dattijo in jingina masa. Wa zai sani?

Sai na tuna da jirgin nan da ya ɓace cikin gajimare. Na cire su, na koma Babbar Kasuwar Jalingo da littafi da biro, na zauna da dattawa. Biyu daga ciki na same su a bakin mutanen da suka yarda in rubuta sunayensu. Na ukun har yau ban sami mai shaidarsa ba, yana nan a bayan littafina, na rubuta "wai" a gabansa.

Bahaushe dai ya ce gani ya kori ji. Allah Ya sa mu dace, amin.