Ziyarata Ƙauyen Kunkuru a Ƙasar Sanigal

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, ni kam a wannan tafiyar na yarda. A shekarar 2023 ne na bi Yayana da matarsa zuwa Dakar, shi ya je harkar kasuwancinsa, mu kuma rakiya da buɗe ido. Kwanan mu huɗu ya shigo masauki da fara'arsa ya ce, "Ƙanwata shirya, gobe zan kai ki ƙauyen kunkuru." Na kwashe da dariya na ce, "Haba Yaya, duk kantunan garin nan da bakin teku ka rasa inda za ka kai ni sai wajen kunkuru? Ai mun baro namu a gida."

Da gaske kuwa muna da shi. Tun kafin a haife ni yake gidan kakarmu, Dattijo muke ce masa. An huda gefen ƙoƙon bayansa an zura waya an ɗaure shi a gindin dalbejiya, don kada ya haƙe ginin. Inna ta ce yana kore mugun baki, kuma gidan da yake akwai tsawon rai. Abincinsa kuwa ɗumamen tuwo da duk abin da ya kwana a tukunya.

Da sassafe muka kama hanya, muka ratsa Rufisk da cunkosonta, muka wuce Sangalkam, sai ga mu a Noflaye, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba daga Dakar. Wurin yana cikin wani ɗan kurmi da gwamnati ta killace, ga manyan kukoki sai ka ce a ƙauyenmu. An buɗe shi a 2001 da haɗin gwiwar wata ƙungiyar Faransa mai suna SOPTOM, kuma cikin waɗanda suka tsaya aka kafa shi akwai wani ɗan ƙasar, Tomas Diagne, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a 1998 saboda hidimar kunkuru. Na ce ikon Allah, ashe kunkuru ma yana fito da mutum duniya ta san shi.

Wani saurayi ne ya zagaya da mu, yana Faransanci Yaya yana fassara mana. Kai jama'a! Na farkon da na gani sai da na ja baya na riƙe matar Yaya. Girmansa ya kai babban turmi a kife, yana tafe yana jan ƙasa kamar mai sarauta. Saurayin ya ce irin wannan shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, babban namiji yana iya kusantar kilo 100, kuma asalin gidansa yankin Sahel ne, tun daga Sanigal har Sudan da Habasha. Wato har da Nijar da arewacin Nijeriya. Na ƙura masa ido, na ga ƙayoyin nan na cinya, na ce wallahi Yaya dangin Dattijo ne.

An raba su gida-gida. Jarirai suna cikin wani keji mai raga saboda ɓeraye da tsuntsaye, kowanne bai cika tafin hannuna ba, abin sha'awa kamar ka saka a jaka. Uwar takan haƙa rami ta zuba ƙwai 15 zuwa 30 ta rufe ta yi tafiyarta, ba reno ba goyo. Abin da ya fi ba ni mamaki, zafin ƙasar da ƙwan yake ciki shi ke sa ya fito mace ko namiji, in zafi ya yi yawa mata sun fi yawa. Mazan kuma ba a cika haɗa su ba, don kishi gare su ba kaɗan ba. Suna da wani abu kamar ƙaho mai baki biyu a ƙarƙashin wuya, da shi suke tunkuɗar juna har ɗaya ya kifar da ɗaya, wanda aka kifar in ba a tashe shi ba rana na iya kashe shi. Matar Yaya ta ce to ashe ba mu kaɗai aka sani da kishi ba.

Daga nan muka isa ɓangaren waɗanda aka karɓo daga gidajen mutane, a nan dariyata ta ɗauke. Wani bayansa ya yi tudu-tudu kamar kunyar dankali, wani ƙoƙon ya lotsa, wani ga huda a gefe irin ta Dattijo sak. Saurayin ya ce rashin abincin kirki ne ke lalata ƙoƙon. Kunkuru ciyawa yake ci da ganye, shinkafa da burodi cuta ce gare shi. Ya ƙara da cewa ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, yana da jini yana jin zafi. Kuma haƙan ramin da muke hana shi, shi ne rayuwarsa, a ciki yake ɓuya daga zafin bazara. Na yi shiru. Sau nawa ina yarinya na hau bayan Dattijo ina jan wayar nan kamar linzami?

Na tambaya ko in mun koma mu kai shi daji mu sake shi kawai. Ya girgiza kai ya ce a'a. Wanda ya daɗe a gida yana iya ɗaukar cuta ya kai wa na daji, ga shi bai saba neman abinci ba. Su ma sai sun keɓe kunkuru an duba lafiyarsa, an koya masa cin ciyawa, kafin a yi maganar saki. Sun fara mayar da wasu dajin Ferlo da ke arewacin ƙasar a 2006, ana bin sawunsu. A daji kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, shanu da awaki sun cinye ciyawar, gobarar daji na ƙona su, ga masu kamawa su sayar.

A mota na ari wayar Yaya na kira gida. Bayan gaisuwa na ce, "Inna don Allah a kwance Dattijo, a bar masa bayan ɗakin nan ya haƙa, kuma a daina ba shi tuwo, a sayo masa ciyawa wajen masu harawa." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kuɗin jirgi aka kashe kika je Sanigal don ki koya mini kiwon kunkuru? Shekara arba'in yana cin tuwona bai taɓa kai ƙara ba." Na yi ta magiya har Yaya ya karɓi wayar ya sa baki. Daga ƙarshe ta ce ciyawa dai ta ji, za a saya, amma zancen kwancewa sai na dawo, in ya rushe mata katanga ni zan biya magini.