Oyo, Garin Elesin

Daga Ilori muka bi ta Ogbomosho a motar haya, muka isa Oyo da la'asar sakaliya. Wasan kwaikwayon Wole Soyinka ne ya kawo ni, Death and the King's Horseman na 1975, wanda aka gina kan abin da ya faru a garin nan bayan rasuwar Alafin Ladigbolu a 1944. Al'ada ta ɗora wa sarkin dawakinsa, Elesin, ya bi shi lahira. Jami'in Turawa ya hana, sai ɗan ya ba da ransa a madadin uban.

Da safe na shiga kasuwar Akesan da ke kusa da fada. Wani makaɗi ya rataya dundun, ɗan'uwan kalangunmu, ya tare wani dattijo mai babbar riga yana zuba masa oriki, wato kirarin gidansu. Dattijon ya tsaya cak, kafaɗunsa suka ɗaga, hannu ya shiga aljihu. Na daɗe ina kallonsu. Masu nazari da yawa suna ɗaukar doguwar maganar da ke tsakanin Elesin da maroƙinsa a farkon wasan a matsayin adon harshe kawai. Wanda ya tashi yana jin maroƙa a ƙofar fada ya san kirari bashi ne. Duk wanda aka wasa a bainar jama'a an ɗaure shi da abin da aka faɗa, kuma ranar biya tana tafe. Da wannan ma'auni Elesin mutum ne da ya ci bashin gari, tufafi da yabo har da budurwar da aka yi wa wani baiko, ya kasa biya.

Wata mai sayar da manja ta nuna mini rumfar da manyan matan kasuwa ke zama. Na ce, "Mama, har yanzu ana jin maganar Iyaloja?" Ta ce in uwar kasuwa ta ce a rufe, ko allura ba a sayarwa. Shi ya sa zafin harshen Iyaloja ga Elesin a ƙarshen wasan ya wuce faɗan tsohuwa. Hukuma ce ke yanke hukunci, da karin magana, domin a nan ma ba a tsiraita babba da magana tsirara sai ya zubar da girmansa da kansa.

Addinina bai yarda mutum ya kashe kansa ba, kuma ban zo neman halatta shi ba. Amma Soyinka da kansa ya gargaɗi masu shirya wasan kada su mai da shi rikicin Bature da baƙar fata kawai. Hatta Saje Amusa, Musulmin ɗan sandan da ya ƙi yi wa Pilkings, jami'in Turawan da ke cikin wasan, magana saboda Baturen yana sanye da kayan egungun, wato dodon kakanni, dariya ake masa in ana karanta wasan a aji. A Oyo na ga masallatai birjik, aka kuma nuna mini gidajen da ke da dodon kakanni a unguwa guda. Amusa ɗan irin wannan unguwa ne, ya san abin da maƙwabtansa ke girmamawa.