Faɗuwar Gaba: Tsoro Ne Ko Ciwo?

Ɗan'uwana mai karatu, kafin ka ci gaba, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ta gefen babban yatsa, ka ɗan danna har ka ji motsi. Wannan motsi ya fara tun kana cikin mahaifiyarka. Bai taɓa neman izininka ba, bai kuma taɓa hutawa ba, ko kana barci ko kana sunkuye a gonar shinkafa a fadamar Miga. Zuciyar babban mutum da ke zaune lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau dubu ɗari a kwana guda. Yawancinmu ba ma tunawa da wannan alheri sai ranar da bugun ya sauya.

Idan mutum ya ce gabansa na faɗuwa, kowa yana da fassararsa. Wani ya ce mugun labari ne ke tafe, wani ya ce sammu ne ko iskoki. A cikin ikkilisiya kuwa akan ce wa mutum bangaskiyarsa ce ta raunana, ya ƙara addu'a da azumi. A shekarun da na yi ina hidima, na zauna da 'yan'uwa da suka ɓoye wannan damuwa wata da watanni, don kada a ce ba su dogara ga Ubangiji ba. Gaskiya ne tsoro yana sa zuciya gudu, kuma yakan lafa idan hankali ya kwanta. Amma akwai faɗuwar gaban da ciwo ce ta jiki, kamar zazzaɓi ko karaya, kuma tana da magani.

Ka tuna da makaɗin gayya. Muddin gangarsa na tafiya daidai, fartanyu suna sauka tare, aiki yana ci. Zuciya ma tana da nata makaɗin. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙullin nama da ke fitar da 'yar ƙaramar wutar lantarki, ita ce ke ba kowane ɗaki umarnin matsewa a kan lokacinsa. Sai a shekarar 1907 wasu masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, suka gano wannan ƙulli, ko da yake yana kan aikinsa tun ranar da Mahalicci ya hura wa mutum numfashi.

Kiɗan yakan lalace ta hanya uku. Wani lokaci ya yi sauri fiye da kima, mutum yana zaune amma ƙirjinsa na dukan tara-tara. Wani lokaci ya yi nawa, har jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa, sai jiri da suma. Na uku shi ne ya rikice, ɗakunan sama su riƙa karkarwa maimakon matsewa. Wannan na ukun ya fi yawa ga masu shekaru, kuma haɗarinsa a ɓoye yake. Jinin da bai fita da kyau ba yakan kwanta ya daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan ciwo ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar, kuma wasu ba sa jin alamar kome kafin ranar.

Daga ina yake zuwa? Babban tushensa a cikinmu shi ne hawan jinin da aka bari ba kulawa. Akwai kuma ciwon makogwaro na ƙuruciya, wanda idan ba a yi maganinsa ba yakan koma ya lalata ƙofofin zuciya, illar ta bayyana bayan shekaru. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, gudawa mai tsanani da ke zubar da gishirin jiki, yawan goro da shayi mai kauri, giya, da wasu magungunan mura da ake saye ba tare da shawara ba, duk suna iya dagula bugun. Ke kuma 'yar'uwata mai jego, ki saurara da kyau. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka kuma ja hankali a kan yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Idan kin haihu, kika ga ƙafafunki na kumbura, kina haki, ba kya iya kwanciya sai kin jingina, kada ki bari a ce miki gajiyar haihuwa ce.

Gwajin farko ba shi da zafi, ba ya kuma ɗaukar lokaci. Ana manna wasu wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana tafiyar wutar zuciya a kan takarda. Ma'aikatan asibiti suna kiransa ECG. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ne ya share hanyarsa, aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Fara da asibitin da ke kusa da kai a auna jininka a ji bugunka. Idan an tura ka Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko wurin ƙwararrun likitocin zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka tafi. Wanda ya suma, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya mutu, a ɗauke shi nan take, a yi masa addu'a a kan hanya.

Magani ya danganta da irin ciwon. Akwai ƙwayoyin da ke rage gudun zuciya, akwai masu daidaita ta. Akwai masu hana jini daskarewa, kamar warfarin, wanda ke bukatar gwajin jini a kai a kai, domin idan ya yi yawa yana jawo zubar jini. Wani lokaci likita yakan sa mutum barci ya ba zuciya bugun lantarki ɗaya ta koma kan kiɗanta, ko a zura siririyar waya ta jijiya a ƙone ɗan wurin da ke ta da rikicin. Wanda zuciyarsa ke nawa kuwa, ana dasa masa wata 'yar na'ura mai batir, kamar akwatin ashana ko ƙasa da haka, a ƙarƙashin fatar ƙirji. Mutum na farko da aka dasa wa ita, Arne Larsson na ƙasar Suwidin, yana da shekara 43 a 1958. Ta farkon ta tsaya cikin 'yan sa'o'i, aka yi ta sauya masa har fiye da sau ashirin. Ya rayu zuwa 2001, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi.

To, shan magani rashin bangaskiya ne? Karanta labarin Sarki Hezekiya a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20. Ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Duk da wannan alkawari, annabi Ishaya ya sa a kawo ɓaure a ɗora a kan marurun. Annabin da ya kawo saƙon warkarwa shi ne ya aika a kawo maganin. Saboda haka kada ka ajiye ƙwayoyinka don ka ji sauƙi, ko don wani ya ɗora maka hannu ya ce an gama. Idan kana so ka yi azumi, tambayi likitanka tukuna. Godiya ga Allah da kiyaye lokacin magani ba sa karo da juna.

Na san tafiya Dutse ko Kano kuɗi ce, gwaji kuɗi ne, kuma na'urar da ake dasawa ta fi ƙarfin yawancin manoma. A nan ne aikin ikkilisiya yake. A Bisharar Markus, sura 2, shanyayyen nan bai kai kansa gaban Yesu ba, mutum huɗu ne suka ɗauke shi, har suka buɗe rufin gida. Zumuntar mata, da matasa, da dattawa, ku duba wanda ke haki kafin ya iso majami'a, ku tambaye shi, ku haɗa abin da za ku iya, wani ya raka shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya Ubangiji, kai da ka san adadin bugun zuciyar kowannenmu, ka cire mana kunyar faɗin ciwonmu, ka ba likitoci hikima, ka kuma ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.