Kwana Uku a Bakin Kogin Wabash

A watan Yuni ne 'yan'uwa na wata ikkilisiya a jihar Indiyana ta ƙasar Amurka suka ɗauke mu zuwa gandun dajin gwamnatin jiha da ake kira Harmonie, a bakin kogin Wabash. Mutanen can suna barin gidajensu masu kyau su biya kuɗi domin su kwana a tanti. Da fari abin ya ba mu dariya. Amma muka kafa namu, muka hura wuta, muka yi addu'ar dare a ƙarƙashin manyan itatuwa, sauro kuwa bai raga mana ba. Da asuba muka tarar wata dabba mai baƙi kewaye da idanu, wadda suke ce wa rakun, ta cinye burodin da muka manta a kan tebur.

'Yan mil kaɗan daga nan akwai garin New Harmony, shi ne dalilin zuwanmu. A shekarar 1814 wani Bajamushe mai suna George Rapp ya kawo jama'arsa nan daga Fensilbaniya. Sun rabu da ikkilisiyar Luther a ƙasarsu, suna so su yi zama irin na masu bi na fari da muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 2 da ta 4. Ba mai gonar kansa, ba mai kuɗin kansa. Cikin shekara goma suka share kurmi, suka gina gidaje fiye da 150, da injin niƙa, da masaƙa, har kayansu suna bin ruwa zuwa New Orleans. Muka shiga wani babban gidan bulo inda suke kwana, muka tuna da gandu da gayya na iyayenmu, sai dai nasu ya zarce.

To, ga inda hankalinmu ya tsaya. Rapp ya gaskata Almasihu zai komo tun yana da rai, don haka tun 1807 jama'ar suka daina aure. Waɗanda suka riga suka yi kuwa suka zauna kamar wa da ƙanwa. Ya ku masu karatu, mu da muke koyar da yara, wannan ya yi mana nauyi ƙwarai. Mutane masu himma da riƙon amana haka, amma ba su bar wa kansu magada ba! Rapp ya mutu a 1847, jama'ar ta yi ta raguwa har aka rushe ta a 1905.

Amma kafin wannan sun riga sun bar nan. A 1825 suka sayar da garin duka ga Robert Owen, wani attajiri mai masaƙar auduga a Sikotilan, suka koma Fensilbaniya. Owen ba ruwansa da addini. A ganinsa ilimi da kyakkyawan tsari sun isa su gyara ɗan adam. Masana suka zo, malalata ma suka zo, masu ci suka fi masu noma yawa, gardama ta ƙi ƙarewa. Zuwa 1827 abin ya watse. Gaskiya dai sun bar abin kirki, gama makarantunsu sun karɓi yara maza da mata tare.

Ran kwana na biyu muka yi doguwar tafiya da mota zuwa Pleasant Hill a jihar Kentaki, ƙauyen wata jama'a da ake kira Shaker. Su ma sun haɗa dukiya, sun hana aure, aka rufe ƙauyen a 1910. A manyan gidajensu akwai ƙofa biyu da matakala biyu, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. Kujerunsu da akwatunansu ba ado, amma ba mu taɓa ganin aikin kafinta mai tsabta haka ba.

Kafin mu nannaɗe tanti muka sāke komawa New Harmony domin mu ga makabartar mutanen Rapp. Fili ne kawai na ciyawa, kewaye da katangar da aka gina da bulon tsohuwar majami'arsu. Fiye da mutum 200 suna kwance a ciki, ba ko ɗaya da aka sa wa dutse ko suna, domin sun ce daidai suke har a mutuwa. Wani yaro daga cikin masu masaukinmu ya tambayi mahaifinsa, “Baba, to wa yake zuwa ganinsu?” Uban ya yi shiru, ya kama hannunsa muka koma mota.