Jikar Goggo da Ruwan Baftisma

"Ku matso, maganar nan ba ta gaban Zumuntar Mata ba ce," in ji Goggo, tana ture kofin kunun gyaɗa gefe. "Jikata ta shiga wata na huɗu, har yau ba a yi mata baftisma ba. Surukata ta ce sai ta girma ta furta da bakinta. Addu'ar miƙa yaro kawai za su yi."

Goggo 'yar Numan ce, a Lutheran ta tashi, tana cikin zanen goyo aka zuba mata ruwa a ka. Yaya kuwa daga wajen Garkida take, 'yar EYN, inda mutum kan durƙusa cikin ruwa a nutsar da shi ta fuska sau uku. Ni a ECWA na girma. Zama a Jos da ƙungiyar waƙa ne suka haɗa mu da su da Malama, wadda ta tsufa tana koyar da addini a sakandare.

"To Goggo, ai yarinyar ba ta yi laifi ba," in ji Yaya a hankali. "Ranar Fentikos tuba Bitrus ya fara ambata, sannan baftisma. Jaririya wace tuba za ta yi? Nono ta sani."

"Lidiya fa? Ita da mutanen gidanta aka yi wa. Mai gadin kurkukun Filibi, cikin dare ɗaya, shi da nasa duka. Bulus da kansa ya ce ya yi wa iyalin Istifanas. Ke a ina kika taɓa ganin babban gida babu ɗan yaye ko na goye?"

"Ki karanta surar mai gadin kurkukun har ƙarshe. An yi wa dukan gidan wa'azi, dukan gidan suka yi murna. Na goye yana jin wa'azi?"

Na sha jin wannan ja-in-ja tun ina ajin baftisma, kuma kullum a Ayyukan Manzanni sura 16 ake cijewa. Luka bai faɗi shekarun kowa a gidajen nan ba. Goggo tana leƙawa ta ga jarirai, Yaya tana leƙawa ta ga manya zalla, kowa da gidan da ta fito a idonta.

Malama ta gyara tabarau. "Gardamar ta girmi kakanninku. Wajen shekara ta 200, Tertuliyan na Kartaj ya ce a jinkirta wa yara har su san Almasihu. Bayan kamar shekara 50, a garin nan dai, Sifiriyan da bishof-bishof suka ce ko kwana takwas ɗin kaciya kada a jira. A Zurik, cikin Janairun 1525, wasu samari suka sake yi wa juna baftisma da girmansu. A 1527 hukumar garin ta nutsar da ɗayansu, Felix Manz, a kogin Limmat har ya mutu."

"Kai! A kan ruwa?"

"A kan ruwa. Ke Yaya, naku ya faro ne a 1708 a Jamus, mutum takwas a kogin Eder, ya iso Garkida a 1923. Na Goggo kuma likitan Danmak ne, Niels Brønnum, ya kawo Numan a 1913. Da hanyarsu ta musanya, da yanzu ke ce mai kukan jika. Kuma tun 1955 ga majami'unku cikin tarayya ɗaya, wato TEKAN, masu yayyafi da masu nutso, ba wanda ya kori wani."

Muka yi dariya, ban da Goggo. Nan na gane ba jikar ce ainihin ciwon ba.

"Ɗan nawa ma ya sake," in ji ta. "Bara. Inda suke sujada an ce ba zai ci Jibin Ubangiji a matsayin cikakken ɗan ikkilisiya ba sai ya shiga ruwa. A hoto na gani, a wayar ƙanwarsa. Ni na goya shi zuwa majami'a, mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, ya tsaya ya ɗauki alkawari. Katin yana cikin akwatina. Wato abin da muka yi wanka ne?"

Yaya ta buɗe baki ta rufe. Malama ce ta ɗauka.

"Kun ga inda ba ku jin juna. Wurin Goggo, baftisma aikin Allah ne, shi ke sa hannu a kan yaro kafin yaro ya san komai, kamar kaciya a zamanin Ibrahim, daga baya a yi tabbatarwa. Maimaitawa cewa ce Allah bai yi daidai ba da fari. Wurin Yaya, amsa ce da mutum ke bayarwa. Su a ganinsu ba su maimaita komai ba, yanzu ne aka yi ta farko. Shi ya sa ɗanki ya fito daga ruwa yana farin ciki, ke kina nan kina jin an yage miki takarda."

Ni dai a batun ruwan ina bayan Yaya, haka aka koya mini, haka kuma nake karantawa. Amma yaron nan bai kyauta ba. Dattawan da suka yi masa tambayoyi sun tambaye shi zunubi da ceto, da sun ƙara da cewa, "Ka gaya wa mahaifiyarka?" Na faɗa wa Goggo haka, Yaya ta ce ita ma da ɗanta ne da sai ya zo ya durƙusa.

"To ranar miƙa yarinyar za ki je?"

"Me zai hana? Ni na sayi rigar, ni zan dafa shinkafar. Amma in muka je Numan da Kirsimeti, duk wanda ya bar mini ita kusa da fastonmu, shi ya jiyo."

"Goggo!"

"Wasa nake yi."

"Ba wasa take ba," in ji Malama. "Ni zan raka su Numan ɗin."